Gishiri a Kan Taga

A kantin magani na Kärdla na saye shi,
tsakanin man zafi da ruwan tari.
Guda goma sha ɗaya ne cikin kwalin takalmi.
Leelo mai ba da magani ta sunkuyar da kai:
"Namu ne. Na farko. Ba dole ka saya ba."
Na saya don kunya,
irin cinikin da ake wa ɗan maƙwabci.

Gishiri a Kan Taga, sunan ƙungiyar ke nan.
Su bakwai, ba wanda ya san da su a hayin teku:
malamin lissafi, tagwayen gidan Urve,
mai kai wasiƙu, da wasu biyu da ban shaida ba.

Shekara ashirin da shida ina ɗakin injin jirgin fito.
Kunnen hagu ya riga ni yin ritaya,
na dama ma sai an ɗaga masa murya.
Ina kurma ina faifai?
Ya yi wata biyu a aljihun mota
tare da tsofaffin rasit da sukudireba.

Sai daren da iska ta hana jirgi tashi.
Ina zaune a mota a gaɓar Heltermaa,
shiru ya yi mini yawa, na zura shi.

Da fari na zaci na'urar ce ta mutu.
Can sai wani zare ya taso, siriri kamar na gizo-gizo,
goge ɗaya, na biyu na bin sa a hankali
kamar mai sa ƙafa a sawun wani cikin dusar ƙanƙara.
Babban goge ya shigo ta ƙasa.
Shi kam na gane shi,
ta ƙashin ƙirji yake shiga
yadda inji ke yi ran da ya kwana lafiya.

Sannan muryar.
Matar da ke ce mini "ɗaya da safe, ɗaya da dare,"
ashe abin da ta ɓoye ke nan a ƙarƙashin farar riga.
Ba ihu, ba magiya.
Tana waƙar itacen da ba a gama faskarawa ba,
da safar ulu da ta rasa 'yar'uwarta a wanki.
Murya ce da ba ta taka ƙasa
amma ba ta bar ɗaki ba,
kamar tururin shayi a gaban fitila.

Ban ce ba aibi.
Waƙa ta uku ta yi tsawon wa'azin baƙon fasto,
mai ganga ya makara sau biyu,
a ta shida murhu ya yi tartsatsi, wani ya yi tari.
Sun bar su. Na gode da suka bari.

Ta takwas ce ta kama ni.
A rumfar kwalekwalen Mihkel suka ɗauke ta, ƙofa a buɗe.
Daidai inda sarewa ta tsaya jan numfashi,
can nesa, ƙasa-ƙasa, wani ƙaho ya yi kuka.
Na mayar baya. Na sake mayarwa.
Ƙahon jirginmu ne, na biyar da rabi,
wanda na yi wa kwaskwarima da waya da tsumma,
shi ya sa yake shaƙewa in ya zo ƙarshe.
Ba su goge shi ba.
Goge uku suka tura suka tarye shi,
suka ɗora sauran waƙar a bayansa
har da shaƙewar.

Ashe mu takwas ne.

Na zauna har gilashi ya yi raɓa,
hannuna mai baƙin mai a kan gwiwa,
ina kallonsa kamar na aro.

Ran Litinin na koma kantin.
Saura tara a kwali. Na ɗauki biyu,
ɗaya na 'yata Maarika da ke Tartu,
ɗaya don kada na farkon ya gaji.
Na ce, "Ƙahon nan na waƙa ta takwas..."
Maganar ta maƙale.
Leelo ta naɗe su a takardar magani,
ta miƙo, ba ta ko ɗago ba:
"Ɗaya da safe, Aivo. Ɗaya da dare."